Yadda ake nazarin zanen kufai da mutanen da ke cikinsa

Na daɗe ina koyar da zane a Bagudo, kuma duk ranar da na ajiye wa ɗalibai hoton rusasshen gini, amsarsu ɗaya ce: duniya ba matabbata ba ce. Gaskiya ne, amma wannan wa'azi ne. Wanda ya saba musu da wannan amsa ya hana su kallo.

Fara da samun zanen a babbar takarda. Allon waya yana haɗiye ƙananan mutanen da ke ciki, alhali su ne maganar. Kai shi shagon kwamfuta a buga maka da launi, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ni da aikin Hubert Robert nake farawa, Bafaranshen da ya zauna a birnin Rum daga 1754 zuwa 1765, ya yi ta zana kangayen Rumawan dā da mata suna wanki a gindinsu.

Rubuta sunan mai zane da shekarar aikin. Daga nan rufe ginin da tafin hannunka, ka dubi mutane kaɗai. Su nawa ne? Me ke hannunsu? Ina suka sa ido?

Awo shi ne abin da ya fi ba ni wuya kafin in gane shi. Ɗauki fensir, ka auna tsayin mutum ɗaya da ke tsaye daf da bango, ka riƙe wurin da babban yatsa, sannan ka ƙirga sau nawa zai shiga tsayin bangon. Kada ka auna wanda ke gaba-gaba, don kusancinsa zai ruɗe ka. Da wannan awo za ka kama niyyar mai zane. Robert yakan haɗa gine-ginen da ba wuri ɗaya suke ba, ya ƙara musu girma, mutum ya koma kamar tururuwa. Wani ɗalibina ya zana ganuwar dutse ta Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, da makiyayi yana kora shanu a gefenta. Da muka auna, sai ga makiyayin ya kusa kai bangon. Yaron bai yi kuskure ba, makiyayin ne ya fi masa muhimmanci, kuma haka ya kamata a karanta zanensa.

Bayan awo sai haske. Duba inda rana ta sauka: a kan tsagar dutse, ko a kan farin zanen da aka shanya?

Sannan ka tambayi abin da ke tsakanin mutanen da kangon. Matar da ta ɗaura igiyar shanya a ginshiƙin sarakuna ba ta zo yawon buɗe ido ba, inuwa da ruwa take nema. Daga irin wannan za ka gina bayaninka, kana nuna wuri da yatsa kafin kowace magana.

Malamai 'yan'uwana, ku fita da yara. Ku kai su Illo, tsohon zangon fataken goro masu zuwa Gwanja, ku zaunar da su gaban wani tsohon bango, su zana shi tare da duk wanda ya zo wucewa.