Maƙerar Jini Cikin Ƙashi

Ya kai mai karatu, ka sha jin an ce wane jininsa ya ƙare. To, ka san inda jini yake fitowa?

In an ɗiga jini kamar kan allura, aka duba da madubin likita mai ƙara girman abu, za a ga ƙwayoyi ja wajen miliyan 5. Su ne suke ɗaukar iska mai kyau daga huhu su kai wa dukan gaɓoɓi. Kowace ƙwaya kwana 120 take yi, watau kamar daga shukar dawa zuwa girbinta. Sa'an nan saifa ta murƙushe ta. Saboda haka tilas ne a riƙa yin sababbi dare da rana.

Cikin ɓargo ake yinsu, musamman na ƙashin baya, da haƙarƙari, da ƙugu. Ɓargon nan kamar maƙera yake. Kafin ka ƙifta ido ya ƙera miliyan 2. In jini ya ragu, ƙoda ce take aika masa ya ƙara himma. Amma maƙeri kome gwanintarsa ba ya ƙira da hannu wofi.

Abu na fari da yake bukata shi ne ƙarfe, gama da shi ake yin abin nan ja mai kama iska. Duk ƙarfen jikin babban mutum bai fi nauyin ƙaramar ƙusa ba. Ana samunsa cikin hanta, da nama, da kifi, da wake, da daddawa. Na wake ba ya shiga jiki da sauƙi, sai an haɗa da lemun tsami, ko gwaiba, ko tumatir. Shayi kuwa yana tare masa hanya, don haka kada a sha shi tare da abinci.

Na biyu yana cikin ganye, kamar zogale, da alayyafo, da rama. Kada a dafa su har su mutu. Na uku, wanda likitoci suke kira bitamin B12, sai daga dabba: nono, da ƙwai, da nama. In babu biyun nan, ƙwayoyin sukan fito manya, amma kaɗan, ba su kuwa daɗewa.

Dukan waɗannan akwai su a kasuwar Bungudu. Abin da ya rage shi ne rabo. Mace mai ciki jinin mutum biyu take yi, yaro kuwa yana girma, jininsa yana ƙaruwa. Amma sau da yawa tsoka a akushin maigida take, a hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata. Macen da ta zo haihuwa da ƙarancin jini, zubar jini kaɗan ta isa ta kashe ta.

Akwai kuma ɓarayin jini. Zazzaɓin sauro yana fasa ƙwayoyin. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana tsotsarsu. Tsargiya, wadda ake ɗauka wurin wanka a tafki ko gulbi, tana zubar da su cikin fitsari. Dalma ma haka. A shekarar 1431 ta Hijira, watau 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, nan cikin Zamfara. Dalma tana ɓata ƙwaƙwalwa, tana hana ɓargo amfani da ƙarfe. Yaron da ya rasa ƙarfe kuwa ya fi saurin shan ta.

To, yau ka ja fatar idon ɗanka ƙasa, ka duba. Ka duba tafin hannun matarka. In ka ga fari maimakon ja, ga kasala, ga haki, kada ka jira. Ka kai su asibiti a auna jini, a ba su ƙwayar ƙarfe. Ran kasuwa kuma ka sayi hanta, ka fara ba su.