Darasin kiwon lafiya: Yaro mai rawar kai da abin da yake ci

Jama'ar Bande, iyaye maza da mata, darasinmu na yau a kan yara ne. A kowane gari akwai yaron da ba ya iya zama wuri guda. Ana magana yana tsoma baki. An aike shi sayen gishiri, ya dawo hannu sake, ya manta abin da aka ce. A lakwal mushe yana kuka da shi. A makarantar allo malam yana kuka da shi. Wasu su ce iskoki ne. Wasu su ce uwarsa ce ta lalata shi. Sai a yi ta dukansa, abin kuwa ba ya sakewa.

1. Mene ne wannan abu?

Ƙiriniya halin yara ce. Amma akwai wadda ta wuce misali. Likitoci sun san ta. Da Faransanci suna ce mata TDAH, da Ingilishi ADHD. Mu sai mu ce ciwon rashin natsuwa. Cikin yara 100 a duniya, ana samun kamar 5 masu shi. An fi ganin shi ga yara maza, amma ƴan mata ma suna yi. Sau da yawa gado ne, yana bin jini. Ba aikin iskoki ba ne. Ba laifin uwa ba ne.

Likita ba ya cewa yaro yana da shi sai ya ga abu uku. Abin ya fara kafin shekara 12. Ya kai wata 6 ko ya fi. Kuma ana ganin shi a wuri fiye da ɗaya, misali gida da lakwal.

2. Abinci yana warkar da shi?

A'a. Kada kowa ya ruɗe ku. Abinci ba ya warkar da wannan ciwo, amma yana rage wa wasu yara nauyinsa. Ga abin da masana suka gano.

Wani likitan Amurka mai suna Feingold ya fitar da littafi a 1975. Ya ce launin da ake zubawa cikin kayan zaƙi yana tayar da hankalin yara. Da aka gwada maganarsa, sai aka ga yara kaɗan ne suka samu sauƙi, ba duka ba.

A 2007 an sake gwaji a garin Southampton na Ingila, da yara kusan 300. Wata rana a ba su lemo mai launin kanti da maganin hana lalacewa, wata rana a ba su marar su. Lokacin da suka sha mai launi, rawar kansu ta ɗan ƙaru. Saboda haka tun 2010 ƙasashen Tarayyar Turai suka sa doka: abincin da ke da irin waɗannan launuka 6, sai an rubuta gargaɗi a jikinsa.

Sukari fa? An gwada sau da yawa, ba a ga yana kawo wannan ciwo ba. Amma yana ɓata haƙori, kuma yana hana yaro cin tuwo.

3. Abin da za a rage

Garin lemo na leda, ja ko ruwan ɗorawa, da ƙanƙara mai launi, da alawa mai rina harshe. Maimakonsu a ba yaro zoɓo na gida, ko ruwan tsamiya, ko kunun kuka da nono.

Shayi mai ƙarfi da goro. Suna hana barci. Yaron da bai yi barci sosai ba, gobe rawar kansa ta fi ta jiya. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini cikin abinci.

Dalma. Guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 a jihar Zamfara ta Nijeriya, ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ana samun dalma cikin tsohon batirin mota da cikin wani kwalli. Kada a bar yaro ya yi wasa da fasasshen batir.

4. Abin da za a ƙara

Yaron da ke jin yunwa ba ya sauraron kowa. Yaron da ke da ƙarancin jini ma haka. Allah ya hore mana abinci mai kyau a ƙasar Magarya da Dungas, a tudu da fadama.

Karin kumallo: kada yaro ya tafi lakwal da ciki wayam. Koko ko kunun gero da ƙuli-ƙuli ko ƙosai ya isa.

Masu ƙara jini: wake, hanta, nama, fara, daddawa, zogale, rama, ganyen wake. A matsa lemun tsami a kai, ko a ci gwaba ko tumatir tare, don jiki ya fi amfana.

Masu gina jiki da ƙwaƙwalwa: ƙwai, nono, kifi, gujiya, riɗi. Ƙwai ba ya sa yaro sata, wannan camfi ne. In kaza ta yi ƙwai 5, a kai 4 kasuwa, a bar wa yaro 1.

Gishiri: a sayi mai sinadarin iyod, wanda ke hana maƙoƙo. Ƙwaƙwalwar yaro tana bukatarsa.

5. Yadda za a gwada

Ga inda karatun yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Ku ɗauki littafi da alƙalami.

Na ɗaya: ku zaɓi hali guda da za ku lura da shi. Misali, sau nawa yaro yake tashi kafin ya gama cin abinci.

Na biyu: mako na farko kada ku sake kome. Kullum ku ja sanda ɗaya duk sa'ad da ya yi abin.

Na uku: ku cire abu guda kawai, misali lemo mai launi, har mako 3. Ku ci gaba da jan sanda. In kun cire abu biyar lokaci guda, ba za ku san wanda ya yi aiki ba.

Na huɗu: ku tambayi mushe ko malam abin da ya gani, ba tare da kun gaya masa abin da kuka sake ba.

Na biyar: ku ƙirga sanduna. In sun ragu, ku mayar wa yaro abin kwana 2 ko 3. In halin ya dawo, kun gano. In ba su ragu ba, abin ba daga nan yake ba.

6. Gargaɗi

Kada ku hana yaro nono, ƙwai, wake ko hatsi da sunan magani. Wannan hanyar tamowa ce, kuma tamowa ta fi rawar kai haɗari. Kada ku yi masa horo da yunwa. Kada ku saya masa ƙwayar sa barci wajen mai tebur a kasuwa.

Ku fara kai shi gidan likita. Wani yaron kunnensa ne ba ya ji sosai. Wani tsutsar ciki ce ko zazzaɓin cizon sauro suka shanye masa jini. Wani kuma ƙaramar farfaɗiya ce ke ɗauke masa hankali na ɗan lokaci. Majo zai duba. In abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ku asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram. Akwai maganin wannan ciwo, amma likita kaɗai ke rubuta shi.

A gida kuwa, ku aike shi abu ɗaya, ya dawo, sannan na biyu. Ku ba shi aikin motsa jiki, kamar ban ruwa a garka. In ya yi daidai, ku yaba masa nan take. Duka ba ya sa shi natsuwa, sai dai ya sa shi tsoro da taurin kai. Irin waɗannan yara da yawa suna da kaifin basira. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Tambayoyi

1. Cikin yara 100, kamar nawa ke da ciwon rashin natsuwa?
2. Faɗi abinci 3 masu ƙara jini da ake samu a garinku.
3. Don me ake cire abu guda kawai lokacin gwaji?
4. Lissafi: uwa ta ja sanda 28 a makon farko, ta ja 19 a mako na uku. Sanda nawa suka ragu?