Darasi Na 27: Kwamfuta Ta Sake Ƙwaƙwalwa

Sababbin kalmomi: kwamfuta, ƙwaƙwalwa, manhaja, tafinta.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu mai faɗi, bai kai tafin hannu ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Ita ke yin lissafi, ita ke bin umurni. Umurnin nan a rubuce yake, ana kiransa manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafin kuɗi. Akwai kuma babbar manhaja, wadda take kamar maigida, ita ke raba wa sauran aiki. Windows babbar manhaja ce, haka macOS, haka Linux.

To, ku lura. Kowace irin ƙwaƙwalwa da nata harshe. Manhajar da aka rubuta da harshen wannan, waccan ba ta jin ta. Kamar ka yi wa mutum Hausa ne, shi kuwa Barbarci kaɗai yake ji.

A ƙasar Amurka akwai kamfanin Apple, mai ƙera kwamfutar da ake kira Mac. Sau uku yana sake mata ƙwaƙwalwa. A 1994 ya koma ga irin PowerPC. A 2006 ya koma ga ta kamfanin Intel. A 2020 kuma ya fito da tasa ta kansa, mai suna M1. Harshen M1 shi ne ARM, watau irin na yawancin wayoyin hannu. Ba ta shan wuta da yawa, don haka batir yakan daɗe.

Yaya aka yi da tsofaffin manhajoji? Sai aka sa musu tafinta. Tafintan nan shi ma manhaja ne, sunansa Rosetta 2. Yana juya maganar Intel zuwa harshen ARM. Yawancin manhajoji suna aiki ta bakinsa, amma ba duka ba. Kuma tafinta ba ya dawwama. Rosetta na fari ya zo a 2006, aka sallame shi a 2011.

Saura maganar Windows. Zamanin Intel, Mac da kwamfutocin Windows harshensu ɗaya ne. Saboda haka mutum yana iya sa maigida biyu a kwamfuta ɗaya, ta hanyar wani abu da ake kira Boot Camp. In ya kunna, sai ya zaɓi wanda yake so. Da M1 ta zo, wannan ƙofa ta rufe. Babu Boot Camp a sababbin Mac.

Amma akwai wata dabara. Ana sayen wata manhaja, kamar Parallels, ta yi wa Windows ɗakin baƙo a cikin gidan macOS. Sai dai baƙon lalle ya zama Windows mai jin harshen ARM. Shi ma yana da nasa tafinta, amma wata tsohuwar na'urar buga takarda takan ƙi aiki da shi. Linux kuwa, waɗansu masu aikin sa kai sun gyara shi don M1 da M2, suka sa masa suna Asahi Linux.

Ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Wani yakan sayar da rago ko buhunan gero, ya saya wa ɗansa kwamfuta don karatu ko sana'a. In aikin yaron da manhajar Windows ake yinsa, aka sayo wadda ba ta jin ta, an yi hasara. Tsohuwar Mac mai Intel ma sai an yi hattara. Apple ya daina ƙera ta a 2023. A 2025 kuma ya ce macOS 26 ita ce ta ƙarshe da za ta hau kanta.

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, ka yi tambaya uku. Wace irin ƙwaƙwalwa ke ciki? Wace babbar manhaja take ɗauka? Manhajar aikina za ta yi a kanta? Ka ce a gwada a gabanka. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta?
2. A wace shekara M1 ta fito?
3. Wane aiki Rosetta 2 yake yi?
4. Rubuta tambaya uku da mai saye zai yi.