Darasin Wannan Fitowa: Yadda Za a Zaɓi Fitilar Goshi Mai Caji

A zagayen da muke yi cikin unguwanni, ana yawan tambayarmu game da fitilar nan da ake ɗaurawa a goshi, wadda ake yi wa caji kamar waya. Matasa masu gudun motsa jiki kafin gari ya waye suna son ta, saboda da rana ta fito zafi ba ya barin mutum ya yi gudu. 'Yan sintiri da ungozomomi ma suna nemanta, haka iyaye mata masu raka yara bayan gida da dare. Amfaninta a fili yake: tana haska duk inda ka juya kai, hannuwanka biyu kuma suna sake don riƙe buta, ko yaro, ko sanda. Amma kuɗinta ba kaɗan ba ne ga mai zaman sansani, kuma jabu ta yi yawa a kasuwa.

Abin da mai saye ke fara gani a jikin kwali shi ne lambar lumen, wato ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Masu sayarwa sun san ido na son babbar lamba, shi ya sa za ku ga 'yar fitilar roba an rubuta mata lumen 5,000 ko 10,000. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ko da gaskiya ne ba ku da bukatarsa. Lumen 30 zuwa 50 ya isa a je ban-ɗaki, a duba tukunya, ko a nemi abu cikin ɗaki. Mai tafiya a hanyar da ba ta da fitila, lumen 100 ya wadatar da shi. Mai gudu ne ke bukatar 200 zuwa 300, domin ƙafarsa tana isa wuri da sauri, dole ido ya riga ta.

Inda za ku tsaya ku yi bincike da kyau shi ne batir, don shi ne ran fitilar. Yawancin masu caji suna aiki da batirin litiyam mai ƙarfin bolt 3.7. Akwai wanda aka rufe a ciki ba ya fita, akwai kuma mai cirewa, dogo mai kama da ɗan yatsa, wanda ake kira 18650. Mu dai mun fi ba da shawarar mai cirewa. Batirin litiyam yana raunana bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, kuma idan a rufe yake, ranar da ya mutu fitilar ta mutu tare da shi. Mai cirewa kuwa sai a sayi wani a saka. Wasu fitilun ma suna karɓar ƙananan batura uku na AAA idan caji ya ƙare, abin da ke da amfani a damina lokacin da hadari ke rufe rana kwana biyu ko uku.

Ana auna cikin batir da mAh. Batirin 18650 na gaske ba ya wuce mAh 3,500 ko kusa da haka. Duk wanda kuka ga an rubuta masa 8,800 ko 9,900, ku ajiye shi. Ku ɗaga shi a tafin hannu ma: na ƙwarai yana da nauyin giram 45 ko sama da haka, na jabu sau da yawa sakayau yake.

Ga ɗan lissafi da zai taimaka. Batir mai mAh 2,000 yana ɗauke da wutar da za ta riƙe hasken lumen 100 na kimanin awa 6 zuwa 7. Idan aka ɗaga hasken zuwa lumen 300, awa 2 da ɗan wani abu ne sai ya ƙare. Idan aka rage shi zuwa lumen 30, yana iya kai awa 20, wato dare da yawa na fita da dawowa. Saboda haka fitilar da ba ta da matakin rage haske ba ta dace da mu ba, komai kyanta. Ku danna makunnin a gaban mai kaya, ku tabbata tana da aƙalla mataki uku, kuma mafi ƙanƙanta ya yi ƙasa sosai.

Sai wurin caji. Ku duba bakin da ke jikinta ya yi daidai da igiyar wayar da kuke da ita a gida, ko tsohon ƙaramin bakin USB ne ko sabon da ake kira USB-C. Fitilar da ke da caja tata ta musamman matsala ce, don ranar da cajar ta ɓata ba lallai a samu irinta ko a Mokolo ba. Ƙaramin faifan sola mai wat 5 yana cika batirin da muka ambata cikin awa 3 zuwa 4 idan rana ta yi kyau. Faifan ne ake sawa a rana, ita fitilar a inuwa. Batirin litiyam ba ya son caji a zafin da ya haura digiri 45, kuma kun san yadda kwanon rufi ko tanti ke ɗaukar zafi a watan Maris da Afrilu. Idan batir ya kumbura, ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a daina amfani da shi. Kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta ko a masai, kuma a nisanta shi daga yara.

Wata alama da ake rubutawa ita ce IP da lambobi biyu. Ta farko ƙura ce, ta biyu ruwa. IPX4 na nufin tana jure yayyafi da gumi, amma ba a gwada ta da ƙura ba. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. A ƙasar da hunturu ke cika komai da ƙura, lambar farko tana da muhimmanci. In ba ku samu mai wannan alama ba, ku duba ko bakin cajin yana da murfin roba mai kamawa.

Ga masu gudu: ku ɗaura ta ku yi tsalle sau uku kafin ku biya. Idan tana rawa ko tana zamowa kan hanci, za ta dame ku a hanya. Wadda ba ta wuce giram 100 ba ta fi daɗi. Ku zaɓi mai haske mai faɗi, ba mai tsini kamar mashi ba, ku kuma karkatar da ita ta haska taku biyar ko shida a gabanku. Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: hasken da ke fitowa daga kusa da ido yana ɓoye inuwa, sai rami ko dutse ya yi kama da ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Idan hanya ta yi gargada, ko ƙura ta yi yawa har hasken yana dawo muku a ido, ku cire ta ku riƙe a hannu daidai ƙugu. Ta haka ne kuma aka fi ganin kunama da kububuwa, waɗanda da dare suke fitowa. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a kai shi asibiti nan take.

A ɓangarenmu na kare lafiyar jama'a, akwai abin da ya kamata mu faɗa ƙarara. Fitila tana nuna maka hanya, tana kuma nuna wa na nesa inda kake. Ba ta maye gurbin abokin tafiya. Mata da 'yan mata su riƙa fita bibbiyu ko fiye, masu gudu su tsaya cikin sansani a hanyoyin da aka sani, su bi duk ƙa'idar da hukumomin tsaro suka sanar game da zirga-zirgar dare. Wasu fitilun suna da jan haske, wanda ba ya kashe ido, ba ya tada mai barci, ƙwari ma ba su cika taruwa a kansa ba. Shi ya fi dacewa a cikin ɗaki da kusa da maƙwabta.

Maza kuma, manya da samari, don Allah a kula: mai fitilar goshi duk wanda ya kalla ya haska masa fuska. Idan kun haɗu da mutum, ku sunkuyar da ita ko ku rufe da hannu. Haska ɓangaren ban-ɗakin mata ko wurin wankansu cin zarafi ne, ba wasa ba ne. Duk wadda aka yi wa haka, ko aka bi ta da fitila da dare, ta zo ofishinmu ko ta sanar da wakiliyar mata ta unguwarsu. Ana sauraron irin wannan ƙara a asirce, kuma akwai mai fassara.