Wankin Ciki, ko Dusar da Muka Bar wa Awaki?

Da wuya ka shiga tashar mota ko kasuwar mako ba ka ji lasifikar mai magani ba. Jarkoki jere a kan bayan mota, cike da jiƙon sassaƙe da saiwa, shi kuma yana lissafi: basir mai tsiro, basir mai jini, kumburin ciki, ciwon baya, kasala, raunin mazakuta. Duka ya ɗora su a kan dalili ɗaya, wai dattin ciki, maganin ma ɗaya ne, wankin ciki. Masu sayen ba su yi wauta ba, domin damuwarsu ta gaske ce. Mutum ya kwana uku bai zaga ba, in ya shiga makewayi sai ya yi ta yunƙuri har gumi ya keto masa, abin da zai fito ƙanana masu tauri kamar na awaki, wani lokaci da ɗigon jini a ƙarshe. Ciwon yana nan, ba mai musu. Bayanin da ake yi masa ne ya karkace, kuma shi ya sa mutum zai shekara goma yana shan wankin ciki bai rabu da abin ba.

Bari mu fara da yadda cikin yake aiki. Bayan ƙaramin hanji ya tsotse abin da jiki ke buƙata daga abinci, sauran yakan gangara cikin babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Babban aikin wannan hanji shi ne janye ruwa daga abin da ya iso masa. Gwargwadon daɗewar abin a can, gwargwadon bushewarsa da taurinsa. Bangon hanjin kuwa kullum cikin sabunta kansa yake, fatarsa ta ciki tana zubewa wata na maye gurbinta cikin 'yan kwanaki kaɗan, saboda haka babu wani tsohon datti da ke manne masa shekara da shekaru yana jiran a kankare. Abin da ke hana bayan gida bushewa shi ne ɓangaren tsiro da hanjinmu ba ya iya narkarwa, wanda likitoci ke kira faiba: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyoyin ganye, yauƙin kuɓewa da na karkashi. Wannan yakan riƙe ruwa kamar soso, ya ƙara wa bayan gida auki da laushi, sai hanji ya sami abin turawa. Shi kansa basir, asalinsa wasu matasai ne na tsoka da jijiyoyin jini da Allah ya halicci kowa da su a bakin dubura. Yawan yunƙuri da daɗewa a tsugune su ke kumbura su, su fashe su yi jini, ko su leƙo waje a ce ya yi tsiro.

Wanda ya fi kowa fito da wannan magana fili wani likitan tiyata ne ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi mutanen Ingila ba kasafai yake ganinsu a jikin mutanen karkarar Afirka ba. A 1972, shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani awo a mujallar Lancet, awon da mutum zai iya yi wa dariya sai ya ga abin da ya nuna. Manomin ƙauye a Yuganda yana fitar da fiye da giram 400 na bayan gida a yini, abincinsa kuma yana ratsa cikinsa a kimanin kwana ɗaya da rabi. Baturen da ke rayuwa a kan farin burodi da sukari da nama yana fitar da abin da bai wuce giram 100 da ɗoriya ba, abincin kuma sai ya haura kwana uku a ciki. Daga baya an sami shaida mafi kusa da tukunyarmu. A 2010 wasu masana daga Italiya suka gwada ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yaran birni a ƙasarsu. Abincin yaran Boulpon gero ne da dawa da wake da ganye, wato cimarmu ta gado. Aka tarar hanjinsu ya fi wadatar ƙwayoyin da ke sarrafa dusa su mayar da ita sinadaran da bangon babban hanji ke rayuwa a kansu.

To, sai mu duba abin da ke cikin kwanonmu yau, musamman a birni. Karin kumallo shayi da farin burodi, rana farar shinkafa da mai da yaji ko taliya, dare tuwon shinkafa ko na garin masarar da injin ya cire wa dusa tas, a kora da lemon kwalba. Ɗanwake ma, da sunansa ya nuna asalinsa, a gidaje da yawa ya koma na fulawa zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini, tare da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram ɗaya ba. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kimanin giram 11. Wanda ya yini a kan burodi da shinkafa da taliya zai yi wuya ya kai rabin abin da ake so, sannan ya kwana yana zargin datti. Dusar da aka surfe daga hatsin nasa kuwa tana can a kwanon akuya. Wani zai ce ai kakanninmu ma suna surfe. Haka ne, suna yi. Amma bayan tuwon akwai miyar kuka ko ta kuɓewa kusan kullum, akwai faten tsaki cike da yakuwa da alayyahu, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ga aya da goruba da kanya da magarya na taunawa a hanyar gona. Abin da turmi ya rage, miya da daji suna mayarwa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu shan wankin ciki ita ce ganin ido: na sha, na ga abin da ya fita, ga majina ga kumfa ga baƙi, kuma na ji jikina sakayau. Wannan ya cancanci amsa ta gaskiya. Galibin waɗannan haɗe-haɗe ƙarfinsu yana cikin ganye irin su filasko, wanda ke ɗauke da sinadaran da ke tsokanar bangon hanji ya matsa da ƙarfi, ya kuma zubo ruwa cikinsa maimakon ya janye. Majinar da aka gani hanjin ne ya fitar da ita a lokacin saboda an takura masa, kamar yadda ido ke zubar da hawaye in barkono ya shiga. Sakayau ɗin ma gaskiya ne, tunda an kwashe abin da ya cushe. Sai dai an kwashe har da na gobe da na jibi, don haka mutum zai kwana biyu ko uku bai ji zagayawa ba, ya ɗauka ciwon ya dawo, ya sake komawa wurin mai jarka. Filasko ba guba ba ne. Dangin ganyensa ake sarrafawa a yi ƙwayar senna da ake sayarwa a kantin magani, likitoci kuma suna rubuta ta. Bambancin shi ne ƙwayar an auna ƙarfinta, kuma ta 'yan kwanaki ce. Jiƙon jarka babu wanda ya san yawan abin da ke cikin kofi guda, shi kansa mai sayarwar bai sani ba. Zawon da yake jawowa yana tafiya da ruwan jiki da sinadarin potasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Ƙaramin yaro, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari, bai kamata a kusance su da irin wannan ba ko kaɗan.

Abin yi kuwa ba shi da tsada. A mayar da wake cikin abincin yini, ko da garau-garau ne, rabi shinkafa rabi wake. In za a kai niƙan dawa ko gero ko masara, a wanke a shanya a niƙa da dusarsa, ko a yi sama-saman surfe, ko a gauraya surfaffe da wanda ba a surfa ba har baki ya saba. Miyar ganye ta yi kauri, a ci miyar da yawa tuwon kaɗan. Gwaiba da gwanda da lemon zaƙi a ci su da totuwarsu, kada a matse ruwan a zubar da sauran. Nan ne ake jin wani ƙorafin: wake yana kumbura mini ciki. Yana yi, domin ƙwayoyin halittar hanji suna fitar da iska yayin da suke cin abin da ke cikinsa, kuma hanjin da ya daɗe bai ga wake ba ya fi jin abin. Maganinsa a fara da kaɗan, cokali uku ko huɗu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku. A jiƙa waken ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi ya nuna luguf. Yawanci kumburin yakan ragu da kansa in an ɗore. Amfanin kuma an gwada shi a kan basir ɗin kansa: wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2005, da ya tattara gwaje-gwaje bakwai, ya nuna ƙarin faiba yana rage zubar jinin basir da kusan rabi.

Dusa ba ta aiki sai da ruwa, in ba haka ba ma tana iya ƙara cushewar. Ba sai an ƙirga kofuna ba, fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ko rawaya mai duhu, ruwan bai isa ba, balle a zafin Maris zuwa Mayu ko a watan azumi, lokacin da ya kamata a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Sai motsi. Tela da direba da mai shago da ma'aikacin ofis suna yini a zaune, hanjinsu ma ya yi zamansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar ta kai mutum matakin farko. Wanda zai taka zuwa masallaci ko kasuwa maimakon hawa babur ya riga ya samu wani kaso na wannan. Akwai kuma lokaci. Hanji ya fi motsi da safe da kuma bayan cin abinci, don haka minti ashirin zuwa talatin bayan karin kumallo lokaci ne mai kyau na shiga makewayi. In an ji matsuwa kada a danne don kunya ko don ciniki, domin abin da aka mayar bushewa yake ƙara yi. Tsugunon da muka gada ya fi zama a kan masai na zamani miƙe hanyar fita. Wanda nasa na zama ne ya sa 'yar kujera ya ɗora ƙafafunsa. Wayar hannu a bar ta a ɗaki, minti biyar ya isa, in bai zo ba a tashi.

Daga cikin magungunan gida, jiƙon tsamiya yana sassauta ciki a hankali, garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono kusan rabinsa faiba ne, dabino ma yana taimakawa. Citta tana da shaida mai kyau wajen rage tashin zuciya. Wadda nake jan kunne a kanta ita ce kanwa. Gaskiya ne tana kashe ƙwarnafi nan take, domin tana karya tsamin ruwan ciki, amma cike take da sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki ya ɗaga hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da gashin jiki. Mai yawan ƙwarnafi ya rage cika ciki da daddare, ya bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya rage maiƙo da soye-soye.

Dole kuma a yi adalci: ba kowane taurin ciki ne dusa ke warwarewa ba, kuma Burkitt kansa ya ɗora wa faiba fiye da abin da bincike na baya ya tabbatar a wasu cututtukan. Akwai wanda ƙwayar ƙarin jini ce ta ɗaure masa ciki, akwai wanda tiramadol ne ko kodin, akwai mai ciwon sukari ko matsalar maƙoƙo. Zafin ciki mai tada mutum da tsakar dare sau da yawa gyambon ciki ne, wanda ko dai ƙwayar cutar H. pylori ce ta haddasa shi, wadda gano ta ya ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya kyautar Nobel a 2005, ko kuma yawan haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Wannan gwaji yake so da magani na asibiti, tsamiya ba ta kai nan ba. Babban haɗarin kalmar basir shi ne tana rufe cututtuka da yawa a ƙarƙashinta, har da sankarar hanji, wadda ita ma da jini take farawa. Duk wanda ya ga jini gauraye da bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko yana rama ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko ya haura shekara 45 sai yanayin zagayawarsa ya canza ya kai makonni, to ya nemi likita ya duba shi, ko da kuwa ya daɗe da sanin yana da basir. Wanda cikinsa ya kumbura, yana amai, ba bayan gida ba ko iska, wannan toshewar hanji ake tsoro. Kada a ba shi filasko ko wani jiƙo, a kai shi asibiti a daren.