Kafin Ka Sa Kekenka a Kwali

Ɗana, labari ya iso mini cewa kuɗin tafiyar da ka daɗe kana tarawa sun kusa cika, kuma niyyarka ita ce ka je wata ƙasa ka zaga ta a kan keke, ka ga garuruwa da mutane a tsanake. Mahaifiyarka ta so in hana ka, ni kuwa ba zan hana ba. Saurayin da ke tashi bayan sallar asuba ya murza feda har gumi ya jiƙa masa riga, ya dawo ya kama sana'arsa, abin a sa masa albarka ne. Magana ɗaya ce tak ta tsaya mini a rai. An ce ka rantse ba za ka ɗora kekenka a mota ko jirgi ba, daga ƙofar gida za ka hau, don kada abokanka su ce ka yi ha'inci. A kan wannan nake so mu zauna.

Ka san hanyoyinmu kamar yadda na san su. In ka nufi Funtuwa daga Gusau, za ka wuce Kwatarkwashi da dutsenta, ka ratsa Tsafe, ka faɗa Yankara. In Sakkwato ka dosa, Bunguɗu ce a gabanka, sai Maru, sai Talatar Mafara. Ƙasa ce da Allah ya ƙawata, musamman da kaka, lokacin da dawa ta yi kai ana ɗibar auduga. A zamaninmu mutum kan ɗaure buhu a bayan Raleigh ya ci kasuwar Tsafe ya dawo Gusau, abin tsoronsa bai wuce faci da ƙishirwa ba. Yau direban da ya shekara talatin a kan wannan titi sai ya tambayi na gaba ko hanya lafiya kafin ya tashi, kuma in la'asar ta yi sanyi ba ya son a gan shi a kanta. Shi ke nan mai mota, wanda ke da gudu. Kai da ke kan keke da jakunkuna biyu, in ɓarayin daji suka fito, ina za ka? Kuma ka tuna, wanda aka ɗauka ba shi kaɗai aka ɗauka ba. Gonar gidanku ce za a sayar, da shanun noma, da 'yan kunnen ƙannenka. Ba ka da ikon sa dukiyar mutane da hawayensu a caca don a ce maka jarumi.

Bari in ba ka labarin wani wanda ya riga ka. A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke ya nufi Masar don ya yi karatu a jami'ar Azhar, saboda ba shi da kuɗin jirgi. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, tafiyar kusan kilomita 4,000, kuma an tsare shi a hanya har sau uku. Da ya kai Chadi, Sudan ce a gabansa, ga yaƙin da ya ɓarke can tun watan Afrilu. Wani ɗan jarida ya watsa labarinsa, mutanen kirki suka haɗa masa kuɗin tikiti, ya tsallake ta sama. Ya sauka Alƙahira a watan Satumba, Azhar ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Ban ji wanda ya ce tafiyarsa ta ragu don ya shiga jirgi ba. Kakanninmu ma da suka yi shekaru suna takawa zuwa Makka ta Barno da Sudan, da suka iso bakin Bahar Maliya jirgin ruwa suka nema, kuma alhazai ne cikakku. Ka taka inda ake takawa, ka tsallake inda ya kamata a tsallake.

To, yanzu ga yadda ake sa keke a jirgi.

Tun kafin ka biya kuɗin tikiti, ka tambayi kamfanin jirgin ko suna ɗaukar keke, nawa ne, kuma wane girman kwali suke karɓa. Kowane kamfani da tsarinsa: wani zai lissafa shi cikin kayanka, wani zai caje ka daban. Kada ka tsaya ga amsar baki, ka sa su rubuto maka, ka buga a takarda ka riƙe, domin wanda ka yi magana da shi a waya ba shi za ka tarar a wurin awo ba. An fara aikin filin jirgin Gusau a 2024, amma mu dai abin da muka saba shi ne filin Sultan Abubakar III na Sakkwato, inda alhazanmu suka daɗe suna tashi, da na Malam Aminu Kano. Ni Kano nake ba ka shawara, don daga can ake fita waje kai tsaye. Duk sauyin jirgi ɗaya, ƙarin hannaye ne da za su jefa kwalinka.

Awon da aka fi sani shi ne kilo 23 ga kowace jaka, kuma da wuya a karɓi ƙunshi ɗaya da ya haura kilo 32 ko da za ka biya. Keken ƙarfe irin na da, Raleigh ko Phoenix, shi kaɗai kan kusa cinye awon, ga kwalin ma da nasa nauyin. Saboda haka ka kai shi wurin masu sikelin hatsi ka auna tun kana gida.

Kwalin kuwa, ka je wurin masu sayar da sababbin kekuna ka roƙi wanda aka kwance kaya daga ciki. Ka zaɓi mai kauri wanda bai sha ruwa ba, kuma ya ɗan fi kekenka girma.

Abin da na fi so ka ji da kyau shi ne wannan: da hannunka za ka kwance keken. Na san akwai mai gyara a unguwarku da zai yi maka cikin rabin sa'a, amma ba zai bi ka can ba. Ranar da ka sauka a ƙasar da ba ka jin yarensu, kai da sufanarka ne kawai. Ka zauna kusa da shi, ya nuna maka, kai ka yi. Ka fara da fedoji, da sufana mai lamba 15, kuma ka sani ta hagu zarenta a juye yake, wajen da ake ɗaure sauran notuna nan ake kwance ta. Mutane da yawa sun cinye zaren don rashin sanin haka. Ka gwada su mako guda kafin tafiya, saboda fedar da ta shekara ba a taɓa ta ba takan kafe. Ka cire ƙafar gaba, ka sassauta kan keken ka juya shi ya kwanta a jikin firam, ka sa alama a sandar sirdi kafin ka zare ta don ka mayar daidai tsawonka. Ƙarafan nan biyu da ke riƙe ƙafar gaba, ka sa guntun katako a tsakaninsu ka ɗaure, in ba haka ba nauyin kayan wasu zai matse su. Abin sauya giya na baya shi ne mafi rauni a jikin keken. Ka kwance shi, ka naɗe da tsumma, ka ɗaure a cikin firam. In ya lanƙwashe, tafiya ta tsaya tun ba a fara ba. Tayu ka rage musu iska, tunda ma'aikata kan nemi haka, amma ka bar kaɗan don ta kare bakin wili. Notuna da ƙananan ƙarafa su shiga leda ɗaya, a liƙe ta a jikin keken. Ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka. In ka rufe, ka girgiza kwalin. In ka ji wani abu na motsi, buɗe ka sake.

Sufana da wuƙa da sauran ƙarafa a kwali za su zauna, in ka sa su a jakar hannu za a karɓe. Fawa bank da batiran waya kuwa akasin haka ne, a hannunka ake son su. Sholishon faci yana kama wuta, ka bar shi, ka saya in ka isa. Keken lantarki kada ma ka soma, batirinsa ya fi abin da jirgin fasinja ke yarda da shi.

Wani abin da matafiya ke mantawa: kafin kwalin ya ga jirgi, sai ya sha hanyar Gusau zuwa Kano. A tasha ka tsaya a kansa har a gama lodi. Kada a kwantar da shi a ɗora buhuna, kada igiya ta ratsa tsakiyarsa. In da hali ka biya kuɗin kujera guda saboda shi, ya fi arha a kan sabon wili. Ku tashi da safe. Ka riƙe rasit ɗin sayen keken, zai yi maka amfani a shingayen hanya da wurin kwastan, ka kuma tafi da salatif na ƙari domin za a iya cewa ka buɗe a duba.

In ka sauka, kada ɗoki ya fitar da kai waje. Ka duba kwalin a nan cikin filin jirgi, in ka ga ɓarna ka kai rahoto kafin ka fita, a ba ka takarda. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke ciki, kwana 7 kacal ta ba fasinja ya kai kukan lalacewar kaya a rubuce. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfonka. In kuma Nijar ko Mali ko Burkina Faso na cikin lissafinka, ka tuna sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sai ka binciki halin iyakokinsu a makon da za ka tashi, kada ka dogara da labarin bara. Sannan ka yi tunanin dawowa tun yanzu: ko ka roƙi masaukinka su ajiye maka kwalin, ko ka ware kwana biyu a ƙarshe don neman wani.

Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo keken gida. Akwai tsofaffin sufanuna a ɗaki, zan zauna a gefe ka kwance shi ka ɗaura a gabana har sai hannunka ya faɗa. Ka zo da tsumma da ɗan man giris. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya.