Sa 2½: Tsaftar da Ido Ke Gani da Wadda Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa duba takardar kwangilar fentin tanki ko bututun mai ya ci karo da "Sa 2½". Mu 'yan ajin ƙarshe mun haddace shi saboda jarrabawa, amma a wurin aiki za a tambaye ka ma'anarsa, to bari in warware.

Fenti ba ya daɗewa a kan tsatsa, ko a kan baƙin ɓawon nan da ƙarfe ke fitowa da shi daga masana'anta. Shi ya sa ake feshe ƙarfen da tsakuwa mai kaifi da ƙarfin iska kafin a shafa komai. Ma'aunin ISO 8501-1 ya kasa tsaftar gida huɗu. Sa 1, an kawar da abin da ya riga ya saki kawai. Sa 2, an cire mafi yawa. Sa 3 kuwa ƙarfe ne tas, launi ɗaya. Wanda aka fi nema shi ne Sa 2½: ba tsatsa, ba ɓawo, ba tsohon fenti, sai ɗan tabo nan da can. Makamancinsa a Amurka shi ne SP 10, inda tabon ba zai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Amma fa duk wannan hukuncin ido ne, ana kwatanta ƙarfen da hotunan littafin ma'aunin. Gishiri kuwa ba ya fitowa a hoto. In ya maƙale a ramukan tsatsa, zai jawo laima ta cikin fentin, bororo ya tashi, aikin miliyoyi ya kwaɓe alhali ranar dubawa yana ƙyalli. Don haka akwai gwajin Bresle: a manna ɗan faci, a zuba ruwa mai tsafta da sirinji, a zuƙo a auna gishirinsa. Ƙura kuma da salatif ake kama ta, kuma wanda ya san hunturu ya san ba wasa ba ce. Sannan zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla, a kuma shafa fentin farko kafin sabuwar tsatsa ta ɓullo.

Wani abu da ke damuna: lokacin da nake IT na ga ana feshi da yashin rafi saboda arha. Ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon ba ya warkewa. In an miƙa maka tiyo, tambayi abin da ke cikin tukunyar, ka nemi hular da ake turo wa iska.